Zan Sa A Ƙera Wa Baba Wuƙa Mai Zane, Me Zan Duba?

Tambaya: Mahaifina da hannunsa yake yanka layyarsa duk shekara. Ina so in sa a ƙera masa wuƙa mai zane da sunansa a jiki kafin babbar salla. Me zan duba kada a cuce ni? (Wata 'yar'uwa daga Zariya)

Amsa: Allah Ya yi miki albarka, 'yar'uwa. Fara da ƙarfen, zane ya biyo baya. Wuƙar da za ta hau wuyan rago kaifi ake nema a gare ta, don hadisin da Muslim ya ruwaito ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar.

Maƙeranmu da yawa da sifirin tsohuwar mota suke ƙira, kuma ƙarfe ne mai riƙe kaifi in an gasa shi an tsoma yadda ya kamata. Idan kin je karɓa, ki ce a goga magagari a kusa da bakin. In ya zame yana ƙara siririya, ƙarfen ya yi tauri. In ya ci shi kamar sabulu, yau za a wasa gobe ta dakushe. Sannan ki tambaya ina ƙarfen ya tsaya a cikin ƙota. Wanda ya ratsa har ƙarshe aka buga masa ƙusoshi shi ne abin saye. Na taɓa ganin ƙota ta fita a hannun mai yanka rago yana kwance, abin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Zanen kuma a yi shi kafin a taurara ƙarfen, kuma a can wajen bayan wuƙar, nesa da baki. Zane mai zurfi jini da kitse na maƙalewa a ciki, daga nan tsatsa take farawa. Ni da za ki bi ta tawa, sunan Baba da dagi su tafi kan zoben tagulla na wuyan ƙota, ko baduku ya buga su a jikin kube. Ban da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, tunda jini za ta taɓa. Kuma ki ba da aikin wata biyu kafin salla, lokacin maƙera ba ta cika ba.

Bayan an gama yanka a wanke wuƙar, a goge ta bushe sarai, a shafa ɗan man kaɗanya. Kada ta shekara cikin kube, fata na riƙe danshi, musamman da damina.

Tambaya: Na ga wasu wuƙaƙe a Instagram masu zane kamar igiyar ruwa, wai ƙarfen Dimashƙa ne. Sun cancanci kuɗinsu? (Wani mahauci daga Maraɗi)

Amsa: Malam, na gaskiyar, ƙarfe iri biyu ake haɗawa a yi ta ninkewa ana dukansu, shi ya sa zanen ke ratsa cikin jikin wuƙar. Na jabu a sama kawai ake ɗora shi, washi kaɗan ya goge. Ka sa mai sayarwa ya turo maka bidiyon bayan wuƙar da kusa, ka ga ko layukan sun zagayo ta nan. In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka. Amma don fiɗa ta kullum, kai da za ka wasa sau da yawa a yini, wuƙar maƙerin garinku ta ishe ka, in ta sami matsala ka san inda za ka mayar masa.