Tambaya da Amsa: Fuskar da Ke Fitowa a Jikin Kuka da Magariba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina noman albasa a fadama kusa da Gulbin Rima. In na taso daga gona gab da magariba, akwai wata tsohuwar kuka a bakin hanya da nake ganin fuska a jikinta, ido biyu da baki a wangame, rassan kamar hannuwa. Da rana ba na ganin komai. Yarana har sun daina bin hanyar, wai dodo ne. Idona ne ya sami matsala ko ƙwaƙwalwa?
Daga wani mai karatu, Wamakko.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Yadda ka zayyano lamarin, idonka da ƙwaƙwalwarka lafiyarsu ƙalau. Abin da ya shafi gaibu fannin malaman addini ne, mu a nan aikin ido muke dubawa, kuma masana suna kiran wannan hali paredoliya, wato ganin fuska ko siffar wata halitta a jikin abin da ba shi da rai.

A ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai sashen da aikinsa gane fuska ne, kuma yana yanke hukunci cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, tun kafin mutum ya yi tunani. Ba ya neman hujja mai yawa. Ɗigo biyu a sama, ɗaya a ƙasa, shi ke nan ya ce fuska ce. Jariri sabon haihuwa ma ya fi bin irin wannan zane da ido. Garajen yana da amfani, domin wanda ya ɗauki kututture a matsayin kura ɗan tsoro kawai ya ji, amma wanda ya ɗauki kura a matsayin kututture ya shiga uku.

To me ya sa sai da magariba? In rana ta yi ƙasa haskenta yana zuwa ne ta gefe, sai kowane kogo da tsaga a jikin kukar ya cika da baƙar inuwa. Kuka kuwa ba ta rasa kogo, ga shi da rani tana kaɗe ganye ta bar rassa tsirara. A daidai wannan lokaci ne kuma ido ke sauya ma'aikata. Ƙwayoyin gani na rana, masu gane launi da ƙananan abubuwa, suna ja da baya, na dare su karɓi aiki, su kuma ba sa ganin launi, ba su da kaifi, kuma sai sun ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin su kankama. Giɓin da ido ya bari sai ƙwaƙwalwa ta cike shi da abin da ta saba ji, yaron da ya tashi da tatsuniyar dodo kuwa dodo zai gani. Hazon hunturu yana ƙara dagula lissafi, yana sa abin da ke kusa ya zama kamar yana nesa, sai suri ko dami ya koma ƙato.

Manyan masana ma abin ya taɓa ja musu surutu. A 1976 kumbon Viking 1 na Amurka ya ɗauko hoton wani tudu a duniyar Mas mai kama da fuskar mutum, aka yi ta ce-ce-ku-ce, sai a 1998 da 2001 wani kumbon ya sake ɗauka da kyamara mai kaifi, aka ga tudu ne kurum da inuwa. Fuskar Dutsen Zuma da ke jikin tsohuwar takardar naira 100 ita ma ɗanyen aikin ruwa da iska ne a jikin dutse.

Ga yadda za ka gwada. In fuskar ta fito, kada ka kafa mata ido, domin abin da aka ƙura wa ido a duhu yakan zama kamar yana motsi. Matsa taku goma zuwa gefe ka sake dubawa, yawanci nan take take wargajewa. Haska tocila daga inda kake tsaye kai tsaye cikin kogunan, in ka haska daga ƙasa ko gefe inuwar za ka ƙara wa tsawo. Ɗauki hoto da waya ka juya shi kai ƙasa. Yaran kuwa ka kai su da rana tsaka su ga kogunan da idonsu, amma kada su zura hannu, maciji da zuma suna son kogon kuka.

Tambaya: Malam, kakata tana da yanar ido, kwanan nan tana cewa tana ganin ƙananan mutane a jikin bango, alhali bangon fes yake. Shi ma irin wancan ne?
Daga wata mai karatu, Mabera.

Amsa: Malama, wannan daban ne, tunda babu wani abu a bangon da ido ya yi wa mummunar fassara. Masu raunin gani sukan ga irin haka alhali hankalinsu garau, wani masani ɗan Siwizalan, Charles Bonnet, ya bayyana shi tun 1760 a jikin kakansa. Ku fara kai ta sashen ido na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ku tafi da duk magungunan da take sha, ku kuma ƙara haske a ɗakinta. In tana jin muryoyi ko mantuwa ta yi yawa, a nemi likitocin asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. In kuwa abin ya zo farat ɗaya tare da zazzaɓi da ruɗewa, a kai ta asibiti a ranar, kada a kwana.