Amsa: Allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro

'Yar'uwa, kin tambaya sau nawa ake yi wa yaro R21, sabuwar allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Sau huɗu ne: a wata 5, 6, 7, sai ta ƙarshe a wata 15, rana ɗaya da ta ƙyanda ta biyu. A Kebbi da Bayelsa aka fara ta, Disamba 2024. A asibiti, ki ajiye ta a firji, digiri 2 zuwa 8, kada ta daskare.

Ta huɗun ce ke ba mu wuya, mu ma'aikatan lafiya. Uwa na karɓar ta ƙyanda ta farko a wata 9 sai ta cusa katin ƙarƙashin katifa, wai an gama. Ni kam a gabanta nake zagaye ranar ta huɗun a katin da jan biro, in ce mata ko an yi allurar, yaro ya ci gaba da kwana cikin gidan sauro.