Na Haddace Rabin Alfiyya, Amma Turanci Ya Gagare Ni

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi sakandaren Arabiyya, na haddace Alƙur'ani da rabin Alfiyya, wato littafin nahawun Larabci mai baiti dubu, amma sau biyu ina zana WAEC ban samu kiredit a Turanci ba. Ƙanina da ya yi ta boko zalla karo ɗaya ya ci. Shin ɗan makarantar addini ba shi da kan Turanci ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka cire wannan daga ranka. Wanda ya riƙe baiti 500 na nahawu a ka, yake bambance fa'ili da maf'uli, ba a ƙwaƙwalwarsa matsalar take ba. Makarantar nazarin Larabci ta Kano, wato SAS, wadda aka kafa a 1934, ita ta yaye Farfesa Shehu Galadanci, shugaban farko na Jami'ar Sakkwato.

Abin da nake gani a aji shi ne juriya iri biyu ce. Akwai ta maimaici: tashin asuba, wanke allo, tilawa, muraja'a, wato bitar hadda. A nan babu mai kamo ku. Sai kuma juriyar kunya, wato ka buɗe baki ka kwaɓa, a yi maka dariya, gobe ka sake buɗewa. A nan ɗaliban Arabiyya da yawa suke cijewa. Hadda ta koya muku cewa kuskuren wasali ɗaya babban abu ne, kuma a Alƙur'ani haka yake. Amma sai ɗalibi ya kinkimo wannan tsoron ya shiga da shi ajin Turanci. Ka yi tambaya, ka ga leɓensa na motsi, amsar na bakinsa, sai ya sunkuyar da kai. Wallahi abin na ci mini rai, domin sau da yawa amsar daidai ce.

Ƙaninka kuwa shekara da shekaru lissafi da kimiyya duk da Turanci ake koya masa, yana ɓatawa ana gyara masa. Sa'o'in da ya yi cikin harshen ne suka ninka naka.

Don haka ka juyo da muraja'arka nan. Kullum bayan Asuba ka rubuta shafi guda, ka miƙa wa ƙaninka ya bi da jan biro, kada girman kai ya hana ka. Insha'i da taƙaita labari ba a haddace su, sai hannu ya saba. Bayan Isha ku yi hirar minti 20 babu Hausa, ka sa kunne sosai kan "p" da "f", domin takardar furuci ta WAEC tana yawan kama Bahaushe a wurin.