Kafin zuwan ashana, da me ake kunna wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kalli wani shiri a talabijin inda wani mutum ya murza sanda a kan itace, kafin ka ce kwabo wuta ta tashi. Ni da yarana muka gwada, hayaƙi ya fito, tafin hannuna ya yi bororo, amma ko ƙyallin wuta ba mu gani ba. Gaskiya ne abin nan, ko dabarar masu ɗaukar hoto ce? Kuma wai da me mutanen dā suke kunna wuta kafin a samu ashana?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya ne ɗan'uwa, babu siddabaru a ciki, kuma tun da har kun ga hayaƙi ai kun kusa. Abin da shirin bai tsaya ya nuna muku ba shi ne, murza itace ba ya ba da harshen wuta. Ɗan garwashi yake bayarwa, wanda da ƙyar zai fi kan ashana girma. Kusan duk tsofaffin dabarun haka suke: su ba ka garwashi ko tartsatsi, kai kuma ka san abin da za ka tarbe shi da shi. A nan gizo ke saƙar.

Mu fara da wadda kuka gwada. Ana neman itace biyu, na ƙasa mai faɗi wanda kaurinsa bai wuce na yatsa ba, da kuma sanda miƙaƙƙiya mai tsawon kamu guda ko fiye. Dole su bushe ƙayau, kuma su kasance marasa tauri, irin wanda in ka danna farce zai bar shaida. Ice mai tauri sulɓi kawai yake yi yana ƙara. Ana ɗan ƙwaƙule gurbi a kusa da gefen na ƙasan, a murza har gurbin ya yi baƙi, sannan a sa wuƙa a yanka tsaga daga gefe zuwa kusa da tsakiyar gurbin. Ina kyautata zaton wannan tsagar ce ba ku yi ba. Garin icen da murzawa ke fitarwa shi ne yake kamawa, kuma sai ya taru wuri guda ya riƙe zafi har kusan digiri 400 a ma'aunin Salshiyos. In babu tsaga sai ya watse a bakin gurbin ya huce. Ka riƙa duba launinsa: in yana fitowa ja-ja mai tsakuwa-tsakuwa, da sauran aiki; in ya koma baƙi mai laushi, ka ƙara dannawa da sauri. Idan ka ɗaga sandar ka ga tarin garin yana ta hayaƙi shi kaɗai, to ya kama. Kada ka yi garajen hura shi. Ka bar shi ya ɗan nuna, ka juye shi a hankali cikin curin busasshiyar ciyawa da ka riga ka murtsuke, ka naɗe, ka ɗaga sama da fuskarka kana hurawa a hankali, kana ƙara ƙarfi yadda hayaƙin ke ƙara kauri, har ta ce bal. Sai a bi ta da ƙirare.

Bororon nan kuwa kowa ya sha shi, shi ya sa aka samo hanyar hutar da tafin hannu. Ana naɗa tsirkiyar ɗan baka a jikin sandar, a danne kanta da wani guntun ice ko dutse mai rami, a riƙa ja da turawa. Misirawan dā sun yi amfani da irin wannan, har an samu kayan a cikin kabarin Fir'auna Tutankamun wanda aka gano a 1922. Mutanen tsibiran tekun Fasifik kuwa goga kan sanda suke yi a cikin dogon layi a jikin ice har gari ya taru a ƙarshen layin. A kudu maso gabashin Asiya gora ake tsagawa biyu a riƙa gurza ɗaya a kan ɗaya. Larabawa suna da nasu itatuwan biyu da suka yi suna, marakhu da afaru, kuma su ne malaman tafsiri da dama suke kawowa wajen bayanin aya ta 80 ta Suratu Yasin, mai maganar wuta daga koren itace.

Hanya ta biyu ita ce ƙyastawa, kuma a ganina ita ce ta fi sauƙaƙa wa ɗan Adam rayuwa. Tun kafin a san ƙira, mutane sun gane cewa in aka buga dutsen ƙanƙara a kan wani dutse mai ruwan zinariya, wanda ya ƙunshi ƙarfe da farar wuta, tartsatsi na fita. A 1991 an tsinci gawar wani mutum a daskare a tsaunukan Alfs, kan iyakar Italiya da Ostiriya, wanda ya mutu shekara kusan 5,300 da suka wuce. A cikin 'yar jakar da ke ɗamararsa akwai kayan dutsen ƙanƙara da wani busasshen naman kaza irin mai fitowa a jikin itace, kuma an samu ɓurɓushin wancan dutse mai ruwan zinariya a jikin naman kazan. Ka ga ke nan abin tarbar wutar ma tafe yake da shi, bai bar shi ga sa'ar hanya ba.

Da maƙera suka iya taurara ƙarfe sai ƙyastu ya karɓe fage. Mutane da yawa suna zaton dutsen ne ke ba da wuta, alhali ƙarfen ne. Kaifin dutsen ke fere 'yan mitsi-mitsin ƙarfe, zafin bugun ya sa su ƙone a iska, su ne tartsatsin da kake gani. Shi ya sa ba kowane ƙarfe ke yi ba. Mai taushi lanƙwasa yake yi, sai wanda ya sha wuta da ruwa ya yi tauri. Kuma tartsatsin nan ba ya daɗewa, ba zai kama ciyawa ko takarda ba. Abin da ya fi tarbarsa shi ne tsumman auduga da aka babbake ya zama gawayi ba tare da an bar shi ya koma toka ba. Ana ɗora shi a kan dutsen, a danne da babban yatsa dab da kaifin, a kawo ƙarfen a zafce. Ƙyalli ɗaya ya isa: sai ka ga jan ɗigo yana faɗaɗa a jikin baƙin tsumman. A Turai har cikin ƙarni na 19 gidaje suna ajiye ɗan akwati mai ɗauke da ƙarfe da dutse da wannan tsumma, da tsinkayen da aka tsoma kansu a farar wuta don ɗauko harshe daga garwashin. Babban abokin gabar wannan kaya laima ce, don haka akwatin yake da murfi mai kamawa.

Akwai wasu biyu da ba su yaɗu haka ba. A Malesiya da Indonesiya da Filifin ana sassaƙa ɗan bututu na ƙaho ko ice, da sandar da ta cika bakinsa cif, a maƙala ɗan abin kama wuta a kanta, a buga da tafi da ƙarfi. Iskar da aka matse farat ɗaya ita ke yin zafi ta kunna shi, wato dai hikimar da injin dizal ke aiki da ita. Sai tara hasken rana da madubi mai zurfin ciki ko gilashi. Sinawa sun yi na tagulla, Ibn Sahl na Bagadaza ya yi rubutu a kan irin waɗannan madubai wajen 984, kuma har gobe da madubi ake kunna wutar wasannin Olamfik a Girka. Matsalarsa a fili take: da dare ko ranar hadari ba shi da amfani.

Kada kuma ka ɗauka kullum sai an sha wannan wahala. Yawancin ranaku ba kunna wuta ake yi ba, riƙonta ake yi. A binne garwashi da toka da dare a tono da safe, ko a bar ƙaton gungume yana ci a hankali, in ta mutu a ɗebo a maƙwabta. Matafiya kan ɗauki garwashi a tukunya ko igiyar ɓawon itace mai ci sannu-sannu. Amfani da wuta ma ya girmi iya kunna ta nesa ba kusa ba: a kogon Wonderwerk na Afirka ta Kudu an samu toka da ƙonannun ƙasusuwa masu shekara kusan miliyan 1, kuma mai yiwuwa daga gobarar daji aka ɗebo ta.

Ashanar da ake ƙyastawa kuwa ta jiya-jiya ce. Wani mai haɗa magunguna a Ingila, John Walker, shi ya fara sayar da ita a 1827. Mai kamawa a gefen kwalinta kaɗai, irin ta yau, Gustaf Erik Pasch ne ya samo ta a Suwidin a 1844. Ɗan abin da ke tartsatsi a cikin laita kuma ba dutse ba ne, haɗin ƙarafa ne da Carl Auer von Welsbach na Ostiriya ya ƙirƙiro a 1903, kuma tartsatsinsa ya fi na ƙyastu zafi sosai, har yana kama busasshiyar auduga kai tsaye ba sai an babbaka ta ba.