Tambaya da Amsa: Na sa wa tsohuwar kwamfutata katin girafik, sai ɗaukewa take yi tana warin ƙuna

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina haɗa bidiyon biki da suna a Tudun Wada, Gombe. Kwamfutata Dell OptiPlex 7010 ce, doguwar, mai furosesa i5-3470. Sai da na yi adashin wata huɗu aka kawo min katin girafik RX 580 mai giga 8 daga Kano. Da muka buɗe, babu wayar da za ta shiga bakin katin, sai mai gyara ya jona min wata adafta daga wayar SATA, wadda ke kai wa faifai wuta. Windows tana tashi lafiya lau, amma da na fara fitar da bidiyo, ko minti biyar ba a yi sai ta ɗauke ɗif. Shekaranjiya har na ji wari kamar ana ƙona leda. Mai gyaran ya ce wutarmu ce ba ƙarfi, in sayi babbar sitabilaiza. Abokina kuma ya ce katin ne jabu. Akwai aikin mutum uku a cikinta, barci ma ya gagare ni. Shi ke nan kuɗina ya tafi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka ci gaba da karatu, tashi ka zare wayarta daga bango, ka cire faifan da aikin mutane yake ciki, ka kai wata kwamfutar ka kwafe. Kada ka sake kunna ta da wannan adaftar, ko da na gwaji ne.

Kuɗinka in sha Allahu bai tafi ba. Katin da ya mutu ba ya kawo hoto, naka kuwa yana aiki har sai an ɗora masa kaya. Ciwon yana wurin wuta, amma ba wutar da mai gyaranka yake nufi ba.

Ga lissafin. RX 580 in ya ɗau aiki yana jan wat 185. Ramin da ya zauna a kan bod, wato babban allon cikin kwamfuta, iyakarsa wat 75, saura kuma dole ya biyo ta bakin wutar katin mai haƙora takwas, wanda aka yi shi don ɗaukar har wat 150. Kan wayar SATA kuwa, ƙananan haƙora uku ne kawai ke ɗauke da bolt 12, kowanne am ɗaya da rabi. Am huɗu da rabi ke nan, wato wat 54. Kai kuma kana tura masa sama da wat 100, wajen am tara, ninki biyu na abin da aka halitta shi a kai. An ɗora wa kai kayan da ya fi ƙarfin wuya, ina zai je? Zafi yake komawa. Haƙoran su yi zafi, robar ta yi laushi, haƙoran su saki, sakin kuma ya ƙara zafin. Warin ledar da ka ji ke nan.

A nan ne nake shan ciwon kai da mutane kullum. Sai ka ji an ce, "Ai ta shiga, kuma ta kawo wuta, to me ya rage?" Wannan magana ta cinye kwamfutoci da yawa a garin nan. Shigar baki cikin baki ba ta nufin wayar za ta iya ɗaukar abin da za a ja. A kan allon Windows katin nan barci yake yi, 'yan wat kaɗan yake sha, ko zaren wayar rediyo zai riƙe shi. Shi ya sa mai gyara yake kunnawa a gabanka, ka ga tambarin Dell, ka ga Windows, ka biya, ka yi godiya, ka ɗaura a bayan acaɓa. Ba a gwada komai ba tukuna. Gwajin yana gida, ƙarfe ɗayan dare, lokacin da ka saki bidiyon awa biyu yana fita ka je ka kwanta.

Abin da ya fi tayar min da hankali, fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, ba shi da hanyar sanin adaftar tana narkewa. Am tara a wurinsa ba laifi ba ne, zai ci gaba da turawa. Kai da taka take ɗaukewa ma gata aka yi maka: fawa-fak ɗin 7010 doguwa wat 275 ne gaba ɗaya, katinka 185, i5-3470 yana da 77, ga faifai ga fankoki, to ya ga kaya sun fi ƙarfinsa ya kashe kansa. Wanda zai ba ka tausayi shi ne mai babban fawa-fak da ya sa irin adaftar nan, don tasa ba za ta ɗauke ba, ci za ta yi ta yi har hayaƙi ya tashi.

Akwai wani gwangwanin madara a kan teburina, a ciki nake tara su. Ta ƙarshen da na jefa daga wani shagon buga takardu aka kawo. Rawayar wayar ta koma ruwan ƙasa, baƙar robar ta narke ta manne da kan wayar fawa-fak ɗin sun zama abu guda, sai da na sa filaya na yanke. In ka shinshina har yau warin yana nan. Kwamfutar a ƙarƙashin tebur take, kusa da rim-rim ɗin takarda. Allah ne ya tsare da rana abin ya faru, yaron shagon yana zaune.

Maganar sitabilaiza kuwa, haba! Sitabilaiza aikinta daidaita bolt 230 da ke shigowa daga bango. Ba ta da hannu a abin da ke faruwa bayan fawa-fak. Ko tiransifoma guda ka jona wa gidanku, fawa-fak mai wat 275 ba zai haifi 500 ba, haƙoran SATA kuma ba za su yi kauri ba. Ban ce ba ta da amfani ba, da irin wutarmu mai hawa da sauka, amma ba maganin wannan ciwon ba ce. Duk mai gyaran da ya ji an ce warin ƙuna bai buɗe akwati ya duba ba, ya aike ka kasuwa, to ka canja mai gyara. Kwamfutar mutum amana ce, sana'arsa ce, wani da ita yake ci da iyali. Ribar adaftar nan nawa take da za ka sa shagon bawan Allah cikin haɗarin gobara? Da yawa ba mugunta ba ce, gani suka yi wani ya yi, su ma suka ɗauka. Amma wanda bai taɓa ninka am da bolt ba, bai kamata ya riƙe sukundireba a kan kayan mutane ba.

Yanzu mafita. Ka ci sa'a, 7010 doguwa tana amfani da baki mai haƙora 24 irin na kowa, fawa-fak na kasuwa zai zauna mata. Da 7020 ce ko 9020 da magana ta yi tsawo, don su Dell ya canja musu baki. Nemi mai wat 500 zuwa 550 na kamfani sananne irin Corsair, Seasonic ko Cooler Master, mai wayar PCIe tasa ta kansa, wato wayar katin girafik, wadda haƙoran bakinta suke shida da biyu. Kada babban rubutun jikin kwali ya ruɗe ka. Duba takardar da ke gefensa, layin +12V, ka ninka am ɗin da 12. In bai kai wajen wat 420 ba, wato am 35, ajiye musu kayansu. Ɗaga shi ma ka ji, wanda aka rubuta wa 650 amma nauyinsa kamar gwangwanin da ba komai, ƙarya yake. Sannan akwai wata waya mai baki takwas da ke rabuwa huɗu-huɗu, ta furosesa ce, tsarin wutarta daban. Kada ka danna ta a kati da ƙarfi.

In aljihu ba zai ɗauka ba, yi musayar katin da GTX 1050 Ti ko GTX 1650 irin wanda ba shi da bakin wuta. Wat 75 ɗin ramin bod ya ishe su, tsohon fawa-fak ɗin zai riƙe, in dai wannan wahalar ba ta riga ta raunata shi ba.

Zancen abokinka ma ba a yar ba. Tun da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin girafik a Satumban 2022, RX 580 ɗin da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa. Bayan ka gyara wutar, sauke GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, ka duba. RX 580 na ainihi yana nuna 2304 a wurin shaders. In ka ga 2048, wanda ake kira 2048SP ne, ƙarfinsa na RX 570 ne, zai yi maka aiki amma ba kuɗinsa ka biya ba. In kuma direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ya ƙi zama yana nuna Code 43, galibi masu haƙa ne suka taɓa BIOS ɗin katin, wato manhajar da ke cikin jikinsa, ana iya mayar masa da na asali.

Kafin ka jona sabuwar waya, haska bakin katin da tocilan waya. In robar tana nan baƙa sumul, haƙora takwas suna ƙyalli, ci gaba. In ka ga wani ya yi duhu ko robar ta kumbura, kada ka soka komai, kai wa mai iya aikin dalma ya canja bakin tukuna.