Tambaya da Amsa: Shin Tsanani Ne Zai Gyara Malamaina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wata huɗu ke nan da aka ba ni shugabancin wata makarantar firamare a cikin birnin Kano, na tarar malamai suna makara, wasu suna sulalewa kafin a tashi, wata kuma tana sayar wa yara alawa a cikin aji. Abokaina sun ce in riƙa raba takardun tuhuma har kowa ya shiga taitayinsa. Shin wannan ce mafita? Daga wani hedimasta, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya taya ka riƙo. Tsanani yana da muhallinsa, amma ba da shi ake farawa ba. A shekarar 1939 masanin halayyar ɗan'adam Kurt Lewin da abokan aikinsa sun gwada salon shugabanci iri uku a kan ƙungiyoyin yara a Amurka, inda suka ga waɗanda ake tafiyarwa da kama-karya suna aiki tuƙuru matuƙar shugaba yana tsaye a kansu, da zarar ya fita sai aikin ya lafa, alhali waɗanda ake shawara da su sukan ci gaba ko ba ya nan. Kai kuwa ba za ka iya tsayawa a ƙofar kowane aji ba.

Ka fara da rajistar zuwa aiki. Idan kai ne farkon mai sa hannu kowace safiya, kuma jan layin da kake shatawa bayan ƙarfe takwas bai tsallake abokinka ko ƙanwar wani babba ba, malamai za su gane cewa dokar ta kowa ce. Abin da ya fi ɓata tarbiyyar malami, a ganina, shi ne ya ga an hukunta shi a kan laifin da aka kau da kai ga waninsa, domin daga ranar yakan daina jin kunyar makara, ya koma neman uwa a gindin murhu.

Albashi ba a hannunka yake ba, kuma malamin da kuɗin adaidaita sahu ke cinye albashinsa kafin ƙarshen wata yana buƙatar a saurare shi. Sai dai akwai abin da kake da iko a kansa: ka raba darussa bisa adalci, ka bi wa malamanka takardun ƙarin girma a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB), ka yaba wa mai ƙoƙari a gaban taron safe, ka kuma yi wa mai kuskure faɗa a ofis, ba a gaban ɗalibansa ba. Ita malamar mai alawa, ka kira ta tare da wata babbar malama, ka ji uzurinta, sannan ka nuna mata cewa yaron da take ba maki bai kamata ya zama mai sayen hajarta ba.

Akwai laifuffukan da ba a sasantawa a kansu. Sayar da maki, satar amsa da cin zarafin ɗalibi sun saɓa wa ƙa'idojin hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993, kuma dokar maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi ɗauri. Idan irin wannan ya faru, ka rubuta rahoto da kwanan wata, ka sanar da kwamitin kula da makaranta na unguwa, ka miƙa wa sakataren ilimi ba tare da jinkiri ba.