Ka kashe konsol fitilun siteji sun kama da kansu

To yarona na ga saƙonka tun da asuba, wai jiya bayan an tashi daga bikin nan na Barnawa ka sauke fedoji duka, maɓallan nan na ƙara haske da rage shi, siteji ya yi duhu, kana kashe konsol, na'urar da ake sarrafa fitilu da ita, sai fitilu huɗu suka kama da kansu har maigadin wajen yana ta a'uzubillahi. Wallahi sai da na yi dariya. Ba aljanu ba ne, kuma ba lallai dimar, akwatin da ke ba fitilu wuta bisa umarnin konsol, ce ta lalace ba, kar ka je ka kwance min ita.

Abin da za ka fara ganewa, konsol ba sau ɗaya yake ba da umarni ya yi shiru ba. Muddin yana kunne surutu yake ta yi wa dima ta wayar DMX, layin fitila na ɗaya kaza, na biyu kaza, har zuwa 512, kowane layi da lambarsa daga 0 zuwa 255, kuma yana maimaitawa wajen sau 40 duk sakan ɗaya. Ko duhun nan da ka gani umarni ne, sifili yake ta nanata mata. Kana kashe shi mai faɗin sifilin ya tafi kenan, sai dima ta koma ga abin da aka seta mata ta yi in ta daina jin sigina.

Shiga menu ɗinta ka nemi wajen da aka rubuta DMX Fail ko No DMX, kowane kamfani da yadda yake rubutawa. Wata za ta riƙe abin da ta ji na ƙarshe, shi ne Hold, wata ta kashe komai, Blackout kenan, wata kuma ta kunna hasken da aka ajiye mata ko ta shiga wasan kanta fitilu na bin juna kamar na gidan rawa, irin ƙananan nan masu layi huɗu sun fi yin haka. Kar ka ce haukar mai ƙerawa ce, a babban ɗakin taro da gangan ake setawa don in konsol ya mutu ana tsakiyar taro kar jama'a su tattake juna a duhu.

Amma ni inda na fi zargi Hold ne. Za ka ce ai sifili ta ji na ƙarshe me zai sa ta kama, to ba lallai ba, wani konsol ɗin musamman masu araha lokacin da wuta ke janyewa daga cikinsa yakan watso shirme a waya kafin ya mutu, dima ta ɗauki shirmen nan a matsayin umarni ta riƙe shi gam. Bayan ya mutu kuma wayar ta zama babu mai ita, in ka shimfiɗa ta jikin kebul ɗin wuta sai ta dinga kwasar hayaniya, balle in wayar makirfo kuka sa don kanta ya shiga ramin, na sha faɗa muku ba ɗaya ba ne. Kuma na tabbata ba ka sa tamineta a ƙarshen wayar DMX ba. Kan XLR ne kawai, irin kan wayar makirfo, da resisto mai ohm 120 tsakanin fin na 2 da na 3, kuɗinsa bai kai na shayi da burodi ba amma ku yaran yanzu ƙyuya.

Gwada haka, konsol na kunne komai a sifili, zare wayar DMX daga dima. In fitilun nan huɗu suka sake kamawa iri ɗaya duk lokacin da ka zare, seti ne. In ba su kama ba sai ka kashe konsol da waya a jiki, kuma yau wannan gobe wancan, shirme ne a waya. In kuma fitila ɗaya ce ta ƙi mutuwa ko da konsol na kunne, tirayak ɗin layin ne ya ƙone, ɗan abin da ke buɗe wa fitilar wuta a cikin dima, wannan ka kawo min shago.

Abin da ya sa ban ɗauke shi wasa ba, ni ma ya taɓa cin ni ina yaron wani. Na kashe konsol na ja ƙofa na tafi, ashe fitilun PAR 64 guda biyu sun kama a bayan siteji, kowacce wat 1000, ɗaya dab da labule. Da safe ƙauri ne ya tarbe mu, labulen ya yi baƙi ya ƙanƙance kamar an ɗora masa dutsen guga, Allah ne kawai ya kiyaye, maigidana kwana uku bai amsa gaisuwata ba.

Daga yau in za ka tashi, sauke fedoji, kashe birekar dima, sannan konsol. In za ka kunna kuma konsol ne farko, bari ya gama tashi tukuna ka ba dima wuta. Ka sa wa konsol ƙaramin UPS, akwatin batirin nan mai riƙe wuta, don in an ɗauke wuta aka juya janareto dima tana rigan shi farkawa, a gaban amarya da ango za ta yi maka irin na jiya. Ranar Asabar ka biya kasuwa ka sayo kan XLR guda biyar, resisto akwai a durowata, za ka yi soldar da hannunka ina kallo.